Atiku Mai Gambu da Ragon Masama

A Kalgo, duk wanda ya je wurin Atiku yana sauri ya ɓata wa kansa rana. Ka ce masa kana son ƙofa, sai ya ajiye gizago, ya gyara zama, ya fara yi maka bayani cewa ƙofa aikin magini ce, wuri ne kawai da aka bari a jikin bango, shi abin da yake yi gambu ne, wanda mutanen gabas ke ce wa ƙyaure. Kafin ya kai ƙarshen bayanin, furar da ka sayo ta yi tsami. Ni ban riske shi ba, amma tsofaffin unguwarmu sun riske shi, kuma ban taɓa jin an ambaci sunansa a gabansu ba tare da wani ya murmusa ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da ɗan gemu wanda kullum akwai ɓawon itace a maƙale a ciki. Ya gaji sassaƙa wurin ubansa, mai yi wa masunta jirage, mata kuma turame. Atiku ya duba ya ga jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a yaba shi, turmi kuwa duka kawai yake sha, sai ya koma gambu. A lokacin, wajen shekarun da Turawa suka fara shigowa ƙasar, yawancin ɗakuna asabari ake sakewa a bakinsu. Sai mai hatsi da yawa, ko mai tufafin da yake ji da su, shi ke neman gambu.

Gambun Atiku hawa uku ne, kowane hawa da sunansa. Allunan maɗaci da yake sassaƙewa ya haɗa, su ne ƙashi. A kan ƙashi sai ya shafa danƙon da matarsa Jummai ke dafa masa da ƙaro da guntayen fata, wanda warinsa ke tayar da maƙwabta daga inuwarsu, ya shimfiɗa ƙirgin saniya. Wannan ita ce riga. Sannan a jera duwatsu a kai a bar shi ya kama, abin da yake kira kwanci, kuma wanda ya taɓa gambu yana kwanci ya nemi faɗa. In iska ta maƙale ƙarƙashin riga ta yi tudu, sai ya ce gambun ya yi ciki, ya huda da basilla ya sake dannewa. Hawa na uku fuska ce, abin da mai wucewa ke gani: jar fata, da siraran ƙarafan da Garba maƙeri ke buga masa, a kafe su da ƙusa mai hula. Gefen fuska da ake lanƙwasawa baya, kalmasa. Ɗan ratar da ake bari tsakanin gambu da bango saboda kumburin damina, numfashi. Tsinin da gambu ke juyawa a kai, dunduniya.

Wasu sunayen na masu sana'ar ne, wasu kuwa ina kyautata zaton shi ya ƙirƙiro su da rana tsaka ya ce na kakanni ne. Ko ma dai yaya ne, ba ya yarda a ce masa "wancan abin". Wani dillalin busasshen kifi ya taɓa zuwa ya ce fatar gambun da ya sayo a wani gari ta ɗago. Atiku ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wace hwata? Riga ko huska? In ba ka san inda ka ciwo ba, ƙaƙa za a yi maka magani?" Mutumin ya koma gida ya sake dubawa, ya dawo da amsa, sannan aka saurare shi.

Bayan shekarar yunwa, da kananzir ya fara yawa a kasuwar Jega, sai ga garwa, babban gwangwanin nan mai kusurwa huɗu. Kowa ɗiban ruwa yake yi da ita. Atiku ya sami ɗaya ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne, sai ya tsaga ta ya buɗe, ya yi ta bugu da gudumar itace har ta kwanta sumul, ya yi fuska da ita. Da tsinin ƙusa yake bi yana dannawa yana fitar da zane, ƙashin kifi ko sawun kaza ko dagi. Daga nan gambunsa ya yi suna har Diggi da gaba.

Amma abin da ya fi alfahari da shi ba garwa ba ce, wata ɗabi'a ce da yake kira gaida ƙofa. Ba ya ɗaga gizago sai ya taka da ƙafarsa ya je gidan da za a sa gambun, ya sami inuwa ya zauna yana kallo. Yana duba ta ina ruwan sama ke bugowa, ta ina rana ke faɗowa, su wa ke shiga da fita. In gida ne mai awaki, ba ya sa fata a ƙasa, don za su cinye ta. In yara sun yi yawa, yakan ƙara wa dunduniya kauri, domin ya san lilo za su yi da gambun. Masu gida kan gaji da shi, don mai gaida ƙofa sai an ba shi tuwo, kuma Atiku ba ya gaisuwa a gurguje. Sai dai gambunsa in ya hau ya hau ke nan, ba a taɓa kiransa gyara ba. Wannan kuwa yakan faɗa wa duk wanda ya tsaya kusa da shi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

To, mutumin nan da ya raɗa wa kowace ƙusa suna, akwai suna ɗaya da bai taɓa fita daga bakinsa ba: Ruƙayyatu, 'yarsa ta fari. 'Yar fari a wurinmu ba a kiran sunanta, ba a ɗaukar ta a gaban mutane, ba a nuna an san tana wurin. Kowa na yin wannan kunya, amma yawanci in shekaru sun ja sukan ɗan sassauta. Atiku shi ya riƙe ta kamar farilla. In tana tsaye a gabansa da ƙwaryar ruwa, sai ya ce wa Jummai, "A ce wa yarinyag ga ta aje nan." Jummai ma uwar fari ce, kunyar ta shafe ta, sai ita kuma ta waiwaya ta gaya wa Larai, yayar Atiku, wadda ke zaune tare da su tun rasuwar mijinta. Kafin saƙo ya zagayo, yarinya ta ajiye ruwan ta yi tafiyarta.

Son ta kuwa yake yi, so mai tsanani, fiye da ƙannenta maza duka, kuma duk gidan an sani. Tana ƙarama ta taɓa kwanciya da baƙon dauro. Atiku bai leƙa ɗakin ba, bai tambayi kowa jikinta ba. Ya dai zauna a tsakar gida daidai inda zai ji numfashinta, ya ɗauki itace wai zai fere turke, ya yi ta fira har itacen ya ƙare a hannunsa, ya ɗauki wani. Ranar da ta tashi ta nemi kunu, Larai ta share tsakar gida ta tara abin hura wuta na kwana da kwanaki, turke kuwa ko ɗaya ba a samu ba.

Da ta isa aure, ta zaɓi Sambo, wani saurayi daga Masama ta ƙasar Gwandu, wanda ke kawo wa Atiku ƙirgi. Mutanen kirki ne, Fulani da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, har sun gina ɗakunan ƙasa. Aka ɗaura aure, aka kai amarya, tafiyar da sai an kwana a hanya. Ranar da aka fita da ita Atiku yana bayan gida yana wasa gizagon da ba ya bukatar wasawa.

Gidan ya yi masa faɗi. Ba shi da bakin da zai ce yana kewar ta, ba shi da ƙafar da zai taka gidan surukai ya ce ya zo ganin 'yar fari, abin da za a yi ta ba da labarinsa har jikoki. Abu ɗaya ya rage masa a duniya da zai iya gaya mata magana da shi, shi ne gambu. Sai wata safiya ya tsaya a bakin ɗakin Larai yana sosa gemu.

Ya ce, "Yaya, na ji an ce can Masama akwai wani ɗaki da ba shi da gambu."

Larai ta ce, "Ɗakuna nawa ag garin da ba su da gambu? Wane ciki?"

"Wani dai. Na wajen gabas, an ce."

"Ɗakin Ruƙayyatu kaka nuhi? To hwaɗi mana, bakinka ba ya ƙonewa."

Atiku ya dubi sama kamar mai neman hadari. Larai ta ce to ya shirya ya je ya gaida ƙofar, tunda shi ba ya aiki sai ya gaisa. Ya ce ai wannan ƙofar ba sai an gaishe ta ba, ɗaki ne kamar kowane ɗaki. Ya yanko karan dawa biyu ya ba ta, ya ce ta je ta gwada tsawo da ɗaya, faɗi da ɗaya, ta karya daidai, kada ta ƙara kada ta rage. Larai, wadda dama neman dalilin zuwa take yi, ta hau jaki ta tafi.

Ta dawo da karan a ɗaure cikin zane, da man shanu, da labari cike da baki: amarya ta yi ƙiba, uwar miji na ji da ita, nono har ba a san yadda za a yi da shi ba. Atiku ya yi kamar karan kawai yake dubawa, amma bai bar wurin ba sai da ta kai aya. Abin da bai tambaya ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba, shi ne me ke yawo a tsakar gidan. Wa zai je gidan makiyaya ya dawo yana ba da labarin ya ga dabba?

Aikin da ya yi wa gambun nan bai taɓa yi wa na kowa ba. Ya zaɓi maɗacin da ya ɓoye shekaru yana jiran wani babban mutum. Ya sa Jummai ta sake dafa danƙo saboda na farko, in ji shi, bai yi wari yadda ya kamata ba. Ya bar shi kwanci har duwatsun suka saba da wurin. Da aka zo fuska, ya je Jega da kansa ya tsince garwa sababbi marasa tsatsa, ya zana ƙashin kifi a kewaye don ta riƙa tunawa da garinsu, ya bar tsakiya fili. Sannan ya zauna da toka da tsamiya yana gogewa. Sauran gambunansa yakan goge su sama-sama ya ce ya isa. Wannan kuwa ya goge, ya koma gefe ya duba, ya dawo ya goge, har sai da matan unguwa suka fara fakewa da zuwa ɗiban wuta suna tsayawa gyara ɗaurin kallabi a gabansa.

Aka naɗe gambu da tabarmi aka ɗora wa takarkari. Garba maƙeri ya bi shi don ya kafa, bayan Atiku ya maimaita masa zancen numfashi da dunduniya har ya ce in an ƙara faɗa sau ɗaya ya fasa tafiyar. Garba ya dawo ya ce gambu ya zauna daram, duk Masama an fito kallo, mai ɗakin kuma ta daɗe tana shafa ƙashin kifin. Atiku ya ce, "To, madalla," ya shige rumfarsa, aka ji yana waƙa, shi da ba a san shi da waƙa ba.

Ba a yi wata ba sai ga Sambo a Kalgo. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya tsuguna a gefen rumfa, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa har ta ƙare ya sake ɗauko ta daga farko. Atiku ma kansa a ƙasa, yana amsawa yana kallon gizago. Da Larai ba ta fito ta tsaya a kansu ba, da suna nan har la'asar.

Ta ce, "Sambo, lahiya dai? Mi af faru?"

Sambo ya ce, "Goggo, lahiya lau. Sai dai gambun nan na Baba... rago ya ɗan taɓa shi."

Ashe gidan akwai wani ragon Uda, uban garke, gaba baƙi baya fari, ƙaho a murɗe, wanda bai taɓa yarda akwai wani namiji a duniya ba sai shi. Da aka kafa gambu, ya zo wucewa da hantsi sai ya ga wani rago a tsaye a bakin ɗakin amarya yana harararsa. Ya ja da baya, wancan ma ya ja da baya. Ya sunkuyar da kai, wancan ma ya sunkuyar. To, abin da ya biyo baya an ji shi har bakin rijiya. Tun daga ranar, kullum rana ta haska gambun sai ya zo ya ɗora daga inda ya tsaya. An ɗaure shi ya tsinke igiya, an kai shi daji ya dawo da gudu. "Ɗan taɓawar" da Sambo ya faɗa ita ce fuska ta lotse daga gwiwa zuwa ƙasa, kalmasa ta buɗe, ƙusoshi sun zube, gambun ya sauka daga dunduniya ya jingina da bango.

Larai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Atiku bai yi ba. Shi ya san inda kuskuren yake. Da ya je ya gaida ƙofar, da kallo ɗaya zai yi wa ragon ya san ba a kai fuska mai sheƙi gidan da ke da irin wannan. Gambu ɗaya da ya fi so ya yi kyau a rayuwarsa, shi ne ya yi da ka, kuma yanzu 'yarsa tana kwana da tabarma a bakin ɗaki, duk Masama na kallon aikin ubanta a lotse. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Larai ta share hawayen dariya ta ce a sake tura Garba. Atiku ya ce Garba ƙarfe ya sani, bai san riga ba. Ta ce to a ɗauko gambun a kawo. Sai ya ce gambun da ya sauka daga dunduniya a bakin ƙofarsa ake gyara shi, haka aka gada. Ban san ko haka aka gada ba. Larai dai ta dube shi ta gefen ido, ba ta musa ba.

Haka Atiku ya shiga gidan surukai da jakar kayan aiki a kafaɗa, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa aiki ya kawo shi, don kada wani ya yi zaton wani abu. Aka yi masa shimfiɗa, aka kawo nono, mazan gidan suka gaishe shi suka watse don su ba shi wuri. Ya durƙusa gaban gambu. Mai ɗakin tana ciki, ba ta fito ba, don ita ma ta san abin da ya kamata. Da ya zo ɗaga gambun ya mayar kan dunduniya, sai ya ji nauyin ya ragu, wani ya tallafa daga ciki. Ya ga yatsu huɗu masu lalle sun riƙo gefen kalmasa. Ya san yatsun, irin nasa ne, gajeru masu faɗin kai.

Ragon yana ɗaure a gindin wani turke, yana huci. Atiku ya ɗauki guduma ya fara buga lotsawar, sai ya juya wajen ragon.

Ya ce, "Kai, mugun dabba. Ka ga aikin da kaj ja min? Hala ba a ba ka abinci gidan ga, shi as sa kaka cin gambu. Ko ana cin abinci gidan ga?"

Can sai murya ta fito daga bayan gambu, a hankali, kamar da gambun take magana: "Ana ci. Har a bar saura."

Atiku ya buga ƙusa ɗaya, ya ce wa ragon, "To, ruwan garin ga hwa? Ya karɓi baƙi, ko shina sa su ciwon ciki?"

"Ya karɓe su. Sai dai babu kihi."

"Babu kihi," in ji Atiku, yana girgiza wa rago kai kamar laifinsa ne. "Ba a dai yi wa kowa hwaɗa ba dalili?"

"Ba a yi. Ana dai kewar gida."

Nan gudumar ta tsaya. Ya yi ta laluben jaka yana neman ƙusar da ke riƙe a leɓensa. Aikin da zai gama kafin azahar, sai da ya kai shi washegari, ragon kuwa ya sha tambayoyi har ya gaji ya kwanta. Da zai tafi, ya dama ƙaro da baƙin tukunya ya shafe rabin fuskar na ƙasa, ta dushe, ba mai ganin kansa a ciki. Ya tara mutanen gidan ya yi musu gargaɗi da babbar murya, yana fuskantar ɗakin: kada wanda ya kuskura ya goge wurin nan, musamman da toka da tsamiya, don in aka goge rago zai dawo, in rago ya dawo kuma dole a sake taso shi tun daga Kalgo.

Kaka na wucewa sai ga Sambo ya sake tuɓe takalma daga nesa. Rago ya ɗan taɓa gambu. Wai ba a san yadda aka yi ba, baƙin ya goge, fuska ta dawo tana walƙiya. Atiku ya tashi da faɗa, ya ce mutanen Masama ba su jin magana, ya ce shi ba yaron kowa ba ne da za a riƙa kiransa kamar wanzami. Yana faɗan yana cusa guduma a jaka, kuma Jummai ta lura ƙusoshin tun shekaranjiya a ƙulle suke. A kan hanyar fita ya tsaya wurin masunta ya sayi busasshen kifi, ya ce na ci a hanya ne, kifin da zai ishi mutum goma.

Larai ce ta gano sauran, da ta je wankan jego bayan haihuwar farko. Ta ce da idonta ta ga Ruƙayyatu da sassafe a tsugune da toka da tsamiya. Ta kuma ji cewa da Layya ta matso mazan gidan sun yanke shawarar a yanka ragon a huta, amarya ta ce in dai ana son zaman lafiya da ita a nemi wani. Sambo, wanda ba wawa ba ne, ya goyi bayan matarsa, ya ci gaba da zuwa Kalgo yana kai ƙarar rago da fuskar mai jimami. Da tsufa ya kama ragon ya daina faɗa, sai aka ga ta ware wani ɗan rago mai zafin kai tana ba shi dusa da hannunta.

Abin bai zo wa Atiku a banza ba. Magana ta bazu cewa gambun mai gambu ba ya shekara sai an gyara. Dillalin kifin nan da aka taɓa kora ya rama, yakan tsaya a bakin rumfa ya ce, "Malam Atiku, yau mi ka ciwo, riga ko huska?" Wasu masu son gambu suka koma wurin wani sabon masassaƙi. Mutumin da a da ba ya barin a ce ƙusarsa ta karkace, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Aikin hannu na, wata rana a dace, wata rana a kuskure." Garba maƙeri ya taɓa ce masa ya yi wa gambun fuskar fata mana a huta, ya ce zai duba. Bai taɓa dubawa ba.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Jikoki suka taso suna ganin wani tsoho da ke zuwa bayan kaka ya zauna yana hira da rago, uwarsu kuma tana amsa wa gambu. Har ƙafa ta fara gaza masa. Wata shekara ya je a kan jaki, ta gaba aka ɗora shi aka sauke shi kamar kaya, ta bayanta kuwa ko zaure bai iya kaiwa sai an riƙe shi. Idonsa ma ya yi hazo. Kaka ta wuce, Sambo bai zo ba, don ya san babu amfanin kai ƙarar da ba mai iya amsa ta. Atiku yakan sa a fitar da shi rumfa, ya zauna da jakar a gefensa yana sauraren hanya. Bai tambayi kowa komai ba, amma abincinsa ya ragu, kuma ya daina gyara wa mutane magana, abin da ya fi tayar wa Jummai da hankali.

Ran nan da la'asar sai aka ji takarkari ya tsaya a ƙofar gida. Sambo ne a gaba, da wani abu mai faɗi naɗe cikin tabarmi, a bayansa kuma mace da goyo da ƙullin kaya wanda ya fi na mai kwana ɗaya. Aka sauke gambun aka jingina shi da ginshiƙin rumfa a gaban tsohon. Ruƙayyatu ta zagaya ta bayansa ta tsuguna, ta riƙe gefe.

Sambo ya ce, "Baba, mun ga tahiyar ta yi maka nisa, shi as sa munka kawo shi. Ita kuma ta ce sai ta biyo, wai ba mai iya riƙe shi daidai sai ita."

Atiku ya miƙa hannu. Ya shafa fuskar daga sama har ƙasa, ya bi kalmasa da ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa ya kai kunne ko riga ta yi ciki, ya taɓa ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Babu lotsawa, babu ko ƙwarzane. Gambun lafiyarsa lau, kamar ranar da ya fita daga rumfar. Larai, da ta tsufa har ta rankwafa, ta buɗe baki za ta yi magana, Jummai ta taka mata ƙafa.

Tsohon ya gyara murya, ya ɗaure fuska irin ta mai sana'a.

Ya ce, "Ɓarnar ta yi yawa. Wanga aiki ba na kwana biyu ba na. A hwaɗa wa mai gambun ta kwance kayanta, ba shi tashi sai bayan damana."

Daga bayan gambun aka ce, "To, Baba."